Masassaƙan Junju: Lokaci Ya Yi da Za a Shigar da Dattawa Zauren Waya

Duk gidan da mutum ya shiga a ƙasar Junju, daga cikin gari har ƙauyukan Karakara da Zabori, zai riga ganin aikin masassaƙi kafin ya ga na wani kamfani. Turmin da ake dakan hura tun da sassafe, da taɓaryarsa, da muciyar tuwo, da kujerar da uwargida ke zama a kai a bakin murhu, da ƙotar hauya, da allon da yaro ke rungumewa zuwa makaranta, duk daga hannun mai gizago suka fito. Sai dai in aka bi sawun kayan nan zuwa inuwar da ake sassaƙa su, sau da yawa dattijo ake iskewa shi kaɗai. Ba ɗa a gefensa, ba yaron koyo, ba abokin sana'ar da zai duba aikin ya ce nan ya yi, nan kuma da saura.

An saba ɗora wa roba da injin niƙa laifin ja da bayan sassaƙa, kuma suna da nasu kason. Amma kaɗaicin nan ya fi su illa. Sana'ar hannu da hira take rayuwa: wannan ya nuna, wancan ya gyara, yaro yana gefe yana kallo. A yau akwai wurin hirar da ba ya buƙatar kuɗin mota ko tsallaka iyaka, wato zaurukan da masu sana'a ɗaya ke buɗewa a wayar salula. Matasa sun daɗe da shiga. Dattawan da suka fi kowa abin faɗa su aka baro a waje.

Ƙasar da Allah ya yi wa baiwar itace

Junju, wadda takardun gwamnati ke rubutawa Dioundiou, tana cikin jahar Doso, arewa da Gaya. Tana ƙarƙashin Gaya har zuwa 2011, lokacin da aka ba ta gunduma tata mai ƙananan hukumomi uku, wato Junju da Karakara da Zabori. Ƙidayar 2012 ta samu mutum sama da dubu 100 a gundumar, Hausawa da Zabarmawa da Fulani da sauransu. Ƙasar tana kwance a Dallol Mawri, tsohon kwarin kogi inda ruwa ke kusa da doron ƙasa, shi ya sa rake da rogo da kayan lambu suke yi, giginya kuma ta yi dazuzzuka har zuwa kusa da Gaya. A 2004 aka sa Dallol Mawri cikin jerin fadamun duniya masu muhimmanci ƙarƙashin yarjejeniyar Ramsar.

Wannan kusurwa ta kudu ita ta fi ko'ina samun ruwan sama a Nijar, kusan milimita 800 a shekara a wajen Gaya. Inda ruwa yake, nan manyan itatuwa suke, nan kuma masassaƙa suka kafu. Kasuwa ma ba ta yi musu nisa ba. Daga gabas ga Kamba da sauran garuruwan jihar Kebbi a Najeriya. Daga kudu ga gadar da ta haɗa Gaya da Malanbil ta ƙasar Benin tun 1958, ƙofar ƙasar da ake kirɓa sakwara kullum, inda turmi mai kyau ba ya kwantai.

Ilimin da ke cikin tafin hannu

Masassaƙi da ido da kunne yake fara aiki, kafin ya ɗaga gizago. Yakan zagaya gungume, ya ƙwanƙwasa shi da bayan gatari, ya saurara. Amon da ya fito shi ke gaya masa ko cikin lafiya yake, ko gara da ruɓa sun riga shi. Ya san ƙirya ce ta turmi da taɓarya, don nauyinta da taurinta, kuma ita ce maƙera ke nema don gawayi. Ya san aduwa ce ta allo, don tana karɓar tawada tana jure wanki. Ɗanya tana da laushin da akushi ke so, marke yana yin ƙota, maɗaci kuwa masu jirgin ruwa a bakin kogi sun san darajarsa.

A dubi yadda ake fitar da turmi guda. Sai an ɓare ɓawo, an daidaita gindi yadda zai zauna daram ba tangaɗi. Sannan a fitar da ƙugu, ana sara ana juya gungumen da ƙafa, ɓarɓashi na tashi. Ƙwaƙule cikin shi ne inda ake gane gwani. In ramin bai yi zurfi ba, gero zai riƙa tsalle waje duk saukar taɓarya. In zurfin ya wuce kima, gindi ya yi sirara, wata rana ya tsage a tsakiyar daka. Ba ma'aunin ƙarfe a wurin. Dattijo yakan zura hannu har gwiwa, ya shafa bangon ciki da yatsu, ya san inda ya rage kauri. Bayan an gama kuma ba a jefa shi rana, a inuwa yake bushewa a hankali, ana shafa masa mai don kada ya dare.

Duk wannan ba a rubuce yake ba. Wane wata ake sare wane itace, wane maƙeri ne ya iya ba gizago ruwan da ba zai dakushe ba, yaya ake ɗinke akushin da ya fashe, yaya ake baƙanta shi da ƙarfe mai zafi, duk a ƙirjin dattawa suke. Ranar da aka kai ɗayansu makwanci ba tare da ya koya wa wani ba, abin ya tafi ke nan. Yarjejeniyar UNESCO ta 2003 kan gadon al'adu, wadda Nijar ta amince da ita a 2007, ta sa sana'o'in hannu na gargajiya cikin fannoni biyar da ta ce a kiyaye, kuma abin da take nufi shi ne ilimin mai yi, ba kayan da aka ajiye a gidan tarihi kaɗai ba.

Yadda aka watse

A da masassaƙa suna da wuraren haɗuwarsu. Gidan gado ne na farko, inda uba da 'ya'ya da jikoki ke zaune kan gungume ɗaya. Na biyu ita ce rumfar kasuwa, inda na wannan gari ke ganin aikin na wancan, a yi cinikin kayan aiki, a ji labarin dajin da ke da sauran ƙirya. A garuruwan Hausa da dama har sarautar Sarkin Sassaƙa akwai, mai sasanta rigima da karɓar aikin fada.

Waɗannan duka sun yi rauni. Kwanon silba da na roba sun kori akushi daga gidaje da yawa. Samari sun fi karkata ga kabu-kabu, ko biɗa a Najeriya da Kwatano, ko wuraren haƙar zinariya, domin kuɗin can a hannu yake, na turmi kuwa sai an jira mai saye. Hanya ma ta yi wuya. Najeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020. Bayan sauyin mulki na 26 ga Yulin 2023, takunkumin ECOWAS ya sake toshe hanyoyi. An ɗage shi a Fabrairun 2024, iyakar Najeriya ta buɗe, amma gadar Gaya ta ci gaba da zama a rufe, mutane da kaya suka koma tsallaka kogi a kwale-kwale. Ga kuma matsalar tsaro da ta addabi yankin iyakar Nijar da Kebbi da Sakkwato a 'yan shekarun nan, wadda ta sa shiga daji neman itace ya zama abin tunani.

Hausawa sun ce zumunta a ƙafa take. To ƙafar dattijo ta gaji, hanyar kuma ta ƙi. Wanda a da yake cin kasuwa uku a mako, yanzu sai ya yi wata bai ga wani mai gizago ba.

Abin da wasu ƙasashe suka gano

Ba mu kaɗai muka ga wannan ba. A Ostireliya, tun shekarun 1990 aka fara buɗe rumfunan aikin katako da ake kira Men's Sheds, don tsofaffin maza da suka bar aiki su samu wurin zama tare, bayan an lura kaɗaici yana cin lafiyarsu. A 2007 suka kafa ƙungiya ta ƙasa, tsarin kuma ya bazu zuwa Ayalan da Ingila. A Birtaniya, ƙungiyar Heritage Crafts ta fara fitar da jerin sana'o'in hannu da ke gab da ɓacewa a 2017, tana ƙirga masu yi da masu koyo. Masu sassaƙa cokalin itace suna taron shekara a ƙauyen Edale na Ingila tun 2012, kuma da annobar korona ta kulle mutane a gida a 2020, masu irin wannan sha'awa suka koma haɗuwa ta bidiyo, kowa da wuƙarsa da guntun itacensa a ɗakinsa. Paul Sellers, kafinta ɗan Ingila da aka haifa a 1950, ya tara ɗalibai a faɗin duniya ta YouTube bayan ya yi furfura, yana koyar da aiki da kayan hannu zalla.

Akwai bambanci babba tsakanin can da nan. A can yawanci nishaɗi ne na wanda ya ci ya ƙoshi, yana neman malamin da zai nuna masa yadda ake riƙe gizago. A Junju kuwa abinci ne, gado ne, kuma malaman suna raye. Abin da Bature ke biyan kuɗi ya koya a kwana uku, dattijon Karakara ya shekara hamsin yana yin sa. Don haka in ya shiga zauren waya, a matsayin malami zai shiga. Tarihin Lamidi Fakeye ya ishe mu hujja. Ɗan gidan sassaƙa ne daga Ila Orangun a ƙasar Yarabawa, wanda aikinsa ya fita duniya har ya koyar a jami'ar Ife kafin rasuwarsa a 2009. Gwanintarsa daga gida ta faro, sannan aka gan shi.

Murya da hoto sun wadatar

Uzurin da aka fi kawowa shi ne dattawan ba su yi lakwal ba. Gaskiya ne kusan biyu cikin uku na manya a Nijar ba sa karatun boko, kuma masu shiga intanet ba su kai kashi ɗaya cikin huɗu na jama'a ba. Amma tun 2013 WhatsApp ya zo da saƙon murya, kuma da shi 'yan kasuwa da direbobi da makiyaya ke gudanar da harkokinsu kullum. Danna wuri ɗaya ne, mutum ya yi magana da Hausarsa ko Zabarmancinsa, ya saki. Sassaƙa kuma aba ce ta gani. Bidiyon minti ɗaya na hannu yana bin cikin turmi ya fi shafi goma na rubutu, domin gani ya kori ji.

Ga yadda abin zai iya kasancewa a gida ɗaya. Bayan la'asar jika ya zo da waya ya durƙusa: “Kaka, ga wani daga Kamba yana tambaya, taɓaryarsa tana tsagewa ta kai, me zai yi?” Dattijo ya ce a nuno masa. Ya dubi hoton, ya ga ɗanyen itace aka sassaƙa aka bar shi a rana. Ya ba da amsa, jika na riƙe da waya, sannan ya ɗauko tasa taɓaryar ya nuna yadda zaren itacen ya kamata ya miƙe daga sama har ƙasa. Na Kamba ya samu magani, mutum ashirin a zauren sun ji, jikan da ke riƙe da wayar kuma ya koyi abin da bai taɓa tsayawa ya tambaya ba. Wannan na ƙarshe shi ne babbar riba. Wayar da ake zargi da raba yaro da kakansa ita ce za ta zaunar da shi a gabansa.

Akwai ribar aljihu kuma. Masassaƙin da ya ji nawa ake sayar da turmi a Doso da Yamai da Birnin Kebbi, dillali ba zai saye nasa a wulaƙance ba. Mai neman kayan aure ko malamin da ke son alluna hamsin zai iya ganin samfuri, a yi ciniki, ya turo kuɗi ta Nita ko Amana ko Al Izza, a ɗora kaya a motar kasuwa. Wanda idonsa ya yi rauni har ba ya iya sara, bakinsa bai mutu ba. Zai ci gaba da zama wanda ake tambaya, ana ce masa “Allah ya ƙara girma, Baba”, kuma wannan ga tsoho ba ƙaramin magani ba ne.

Fargabar dattawa tana da tushe

Kada a ɗauki ɗari-ɗarin da suke yi a matsayin duhun kai. Na farko, kowace sana'ar gado tana da sirrinta, da addu'o'inta, da abin da ba a faɗa sai ga ɗan gida. Wannan haƙƙinsu ne. Dattijo shi zai zaɓi abin da zai nuna da abin da zai riƙe, kuma bai halatta a ɗauke shi hoto ko murya ba da izininsa ba.

Na biyu, damfara. Masu kira su ce ka ci kyauta ka turo lamba, da masu nuna takardar biyan kuɗi ta ƙarya, sun fi farautar tsofaffi. Dokar zaure ta farko ita ce ba a ba kowa lambar sirri, kaya kuma ba sa tashi sai an je an karɓi kuɗi a hannu. Akwai kuma mai ɗaukar hoton aikin wani ya tallata shi da sunansa. Maganinsa shi ne kowane masassaƙi ya riƙa sa alamarsa a gindin abin da ya yi, a kuma riƙa ambaton mai aikin da garinsa.

Na uku, mutunci. Dattijo ba zai zauna inda ake zage-zage da gardamar siyasa da yaɗa jita-jita ba. Zauren sana'a ya tsaya kan sana'a, shugabancinsa ya kasance a hannun manya, matasa su riƙe ɓangaren latse-latse. A yankin da tsaro ke da rauni kuma, ba a faɗin wurin da mutum zai je ko kuɗin da ya karɓa a bainar jama'a.

Na huɗu, tsada. Babbar waya kuɗi ce, kiredi kuɗi ne, caji a faifan hasken rana ma kuɗi ne, rezo ɗin Airtel ko Moov ko Zamani kuma ba kowane ƙauye yake kamawa da kyau ba. Amma ba dole kowane tsoho ya mallaki waya ba. Guda ɗaya a gida ko a rumfa ta isa, a tara saƙonni a tura ranar kasuwa inda rezo ya fi ƙarfi.

Ba itace, ba sassaƙa

Wani zai ce in ciniki ya ƙaru, sara zai ƙaru. Tambaya ce mai nauyi. Ƙirya tana daɗewa kafin ta isa turmi, kuma ta yi ƙaranci a wurare da yawa. An ga abin da ya faru da madobiya a Afirka ta Yamma, inda kasuwar China ta kwashe ta har aka sa ta ƙarƙashin kariyar yarjejeniyar CITES a 2016. Dokar gandun daji ta Nijar ta 8 ga Yunin 2004 ta tanadi neman izini kafin sare itatuwan da aka kare, kuma rashin sanin ƙa'idojinta kan haɗa masassaƙa da jami'an gandun daji.

A nan ma haɗuwa ce mafita. Manoman Maraɗi da Damagaram sun nuna wa duniya tun shekarun 1980 cewa renon tohon da ke fitowa daga kututture a gona yana dawo da daji, har aka ƙiyasta itatuwa miliyan 200 a kan hekta miliyan 5. Wannan dabara daga baki zuwa baki ta bazu. A Dallol Mawri ma an ga yadda giginya ta farfaɗo da aka danƙa kula da ita a hannun mutanen ƙauyuka. Masassaƙa su suka fi kowa sanin inda tsofaffin itatuwa suke da yadda suke hayayyafa. Zaurensu zai iya zama wurin da jami'in gandun daji zai yi bayanin doka da muryarsa, a tattauna amfani da busasshen itace da dogon yaro a inda ya dace, a kuma yi alkawarin dashen ƙirya da aduwa kowace ranar 3 ga Agusta, ranar dashen itace ta ƙasa.

Wa zai fara?

Nijar ba ta rasa cibiyoyin da wannan aiki ya shafa ba. Akwai majalisar masu sana'o'in hannu ta ƙasa, CMANI. Akwai gidan tarihi na Boubou Hama a Yamai, wanda aka kafa a 1959, inda masu sana'a ke aiki a gaban baƙi, da ƙauyen masu sana'a na Wadata, da gidan tarihi na jahar Doso. Akwai baje kolin SAFEM a Yamai da na SIAO a Wagadugu, wanda ake yi tun 1988. Matsalar ita ce masassaƙin ƙauye ba ya jin labarinsu, su ma ba su san da shi ba. Abin da ake buƙata daga gare su bai taka kara ya karya ba: a ƙirga masassaƙan Junju da Karakara da Zabori, a san mai yin me, a haɗa su da takwarorinsu na Gaya da Dogon Dutsi da Kamba da Argungu. Gidajen rediyon yankin, irin su Fara'a ta Gaya, su ba su fili, a riƙa sa muryoyinsu don wanda ba shi da waya ma ya amfana. Hakimai da masu gari su kira taron farko, domin dattijo ya fi amsa kiran da ya fito daga fada.

Amma ba sai an jira hukuma ko wani shiri na ƙasar waje ba. Aikin yana hannun 'ya'ya da jikoki. Kai da ke da waya a aljihu, kuma a gidanku ko unguwarku akwai tsoho mai gizago, ka je ka gaishe shi, ka nemi izininsa, ka ɗauki aikinsa da bayaninsa, ka nemo masa abokan sana'a biyar ka haɗa su. Ka zauna ka saurara har ya gama, kuma in ya miƙo maka gizagon, ka karɓa. Dattawan nan ba za su dawwama ba, abin da suka sani kuma ba a sayar da shi a kasuwar Malanbil ko ta Kamba. A yi wannan aiki yanzu, tun suna da rai da lafiyar koyarwa.